Mangwaro Ya Karɓi Aure, Tuffa Tana Jan Aji

'Yan'uwa masu koyon auren itatuwa, wato haɗa reshen wani itace a jikin wani su zama ɗaya, ga inda aka kwana a ɗan lambuna na bayan gida a Mando, Kaduna.

Mangwaro shida na yi wa aure a watan Yuni, huɗu sun kama. Waɗanda na gwada a Janairun bara kuwa ko ɗaya bai kai labari ba, iskar hunturu ta busar da su ƙarau. Shi ya sa bana na bari sai da damina ta zauna. Uwar dai mangwaron gida ne da na shuka daga ƙwallo, ya kai kaurin fensir. Reshen kuma na irin mangwaron da ake kira Binta Siga ne, na yanko shi da sassafe na tsige ganyen.

Wani dattijo mai sayar da dashe ne ya gyara mini hannu. Ya tsaga uwar da sabuwar reza, ya fere gindin reshen gefe biyu kamar bakin gatari, sannan ya kankare ɓawon da farce ya nuna mini wani kore siriri a ƙarƙashi. Ya ce, "Ɗana, wannan koren shi ake aurarwa. In reshenka bai kai uwar kauri ba, kada ka sa shi tsakiya, tura shi gefe guda kore ya haɗu da kore." Na ce, "Baba, ashe nan nake ta kuskure." Ya naɗe da zirin leda daga ƙasa zuwa sama don kada ruwan sama ya samu hanya, ya kifa farar leda a kai. Wajen mako uku sai ga tofo ja-ja-ja yana tura ledar.

Biyun da suka mutu, ɗaya laifina ne. A kwana na goma ɗoki ya sa na kwance don in leƙa.

Tuffa ce ke ba ni aiki. Iri biyu gare ni: Anna, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas. Dukansu ba sa neman sanyi mai yawa, kuma ana dasa su kusa ne don ƙudan zuma su riƙa kai garin furen wannan ga waccan. Sai dai Kaduna ba Jos ba ce. Jos ta kai kusan mita 1,200 a tudu, mu wajen rabin haka muke, sanyinmu bai isa ya sa tuffa barcin da take buƙata kafin fure ba. Don haka a Janairu na rage ban ruwa, na tsige ganyen kaf da hannu, na lanƙwaso rassan a kwance na ɗaure da igiya. Uwargida da ta fito ta gan su tsirara, har ta fara yi wa akuyar maƙwabta faɗa.

Fure ya fito a Fabrairu. 'Ya'ya uku suka tsaya, zafin Maris ya kakkaɓe biyu. Guda ɗayan da ya nuna bai fi lemun tsami girma ba, muka yanka shi biyar da yara. Da ɗan tsami, amma da garɗi.

Yanzu gara ce ta tasa gindin Anna a gaba. Na janye ciyawar da na shimfiɗa daga jikin itacen, na zuba toka, ina dubawa kowace safiya bayan asuba. Wanda ya taɓa korar gara daga gindin tuffa ba tare da ya ƙona saiwa ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.