Birazil Ba Ta Ganuwa a Hutu Ɗaya

Da ni da maiɗakina muka tsayar da shawarar yin hutu a Birazil, aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne ragewa. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 8.5, ita ce ta biyar a girma a duniya, ta kuma cinye kusan rabin nahiyar Kudancin Amurka ita kaɗai. Na zauna na jera wuraren da raina ke so: Sao Paulo, Rio, Brasilia, dajin Amazon, magangarar ruwan Iguacu, Salvador, da fadamar Pantanal. Ta karɓi takardar ta duba daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Maigida, hutu za mu je ko ƙidayar jama'a?"

Taswira ce ke ruɗin mutum. Garuruwa biyu da za ka rufe da ɗan yatsa ɗaya, sai ka tarar tsakaninsu tafiyar yini ce. Daga Sao Paulo zuwa Rio, waɗanda ake kira maƙwabta, kilomita 430 ne, awa shida a mota. Daga Sao Paulo zuwa Manaus, babban birnin jihar Amazonas, awa huɗu ne a jirgin sama, ba ka kuma fita daga ƙasar ba. Amazon ɗin muka fara sokewa, ba don raina ya so ba, domin na daɗe ina marmarin ganin wurin da baƙin ruwan kogin Negro da jan ruwan Solimoes ke tafiya kafaɗa da kafaɗa har kusan kilomita shida ba su gauraya ba. Brasilia ta bi baya, Pantanal ma haka. Muka tsaya a kan huɗu: Sao Paulo, Iguacu, Rio da Salvador.

Sai batun lokaci. Mafi yawan ƙasar na kudu da layin ikwaita, don haka yanayinta a juye yake. Daga Disamba zuwa Maris ake zafi da ruwan sama a su Rio, sanyi kuwa sai Yuni zuwa Agusta, kuma a jihohin can kudu sanyin ba na wasa ba ne. Bikin Carnaval, na kaɗe-kaɗe da raye-raye a tituna, yana faɗowa a Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da kuɗin masauki ke tashin gwauron zabo, mu kuwa ba shi ya kai mu ba. Salvador tana da nata lissafin daban, ruwanta ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. Da muka auna duka, sai Satumba ta fito: sanyi ya ja baya, zafi bai kankama ba, jama'a ba su cika ba.

Takardu ba su da wani abin mamaki, biza ce da katin rigakafin shawara. Abin da ba kowa ke gaya maka ba shi ne wata lambar haraji da suke kira CPF. Ɗan ƙasa ba ya motsi sai da ita, kuma shafukan intanet da yawa na sayar da tikitin mota ko layin waya sukan nemi ka saka ta. Baƙo ma yana iya nema a ba shi, kuma da ita tafiya ta fi sauƙi. Kuɗinsu real ne, amma ba kasafai za ka ga ana miƙa takarda ba. Tun da babban bankinsu ya fito da tsarin Pix a 2020, hatta mai sayar da ruwan kwakwa a bakin teku da waya yake karɓar kuɗinsa. Mu da katin banki muka yi ta biya, ya kuma wadatar kusan ko'ina. A kula da wutar lantarki, wani gari 127 ce, wani 220, soket ɗinsu kuma mai ramuka uku ne zagayayyu.

Ta Adis Ababa muka bi, daga can kusan awa 12 zuwa Sao Paulo. Abin ya tsaya mini a rai a cikin jirgin: tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da kusurwar arewa maso gabashin Birazil, inda teku ya fi ƙanƙancewa, bai kai kilomita 3,000 ba, amma sai da muka nausa gabas kafin mu juyo yamma.

Sao Paulo gari ne na aiki, dogayen benaye iya ganinka, kowa da sauri. Ba mu daɗe ba. Abin da na fi amfana da shi a nan shi ne koyon cin abinci. Akwai gidajen abinci da ake biya da nauyi: ka ɗauki faranti, ka zuba abin da kake so, a ɗora a sikeli, a rubuta maka a 'yar takarda. Ga Musulmi wannan tsari rahama ne, domin idonka na kan abin da kake ɗiba. Sai dai a yi hattara da wake. Shinkafa da wake shi ne cimarsu ta kullum, kuma sau da yawa da ɗan naman alade ake dafa waken, balle feijoada, wadda tushenta ke nan. Maiɗakina ta haddace tambaya ɗaya da harshen Fotugis, "Tem porco?", wato ko akwai alade, ta yi ta jefa ta a kowane gari. Turanci kam ba ya kai mutum ko'ina a wajen manyan otal. Wani abin kuma, da muka tashi sallar azahar a masaukinmu, sai na ga rana ta karkata arewa sosai, inuwa ta kwanta kudu. Alƙibla daga can gabas ce mai ɗan jirkicewa zuwa arewa.

Zuwa Foz do Iguacu, garin da ke kusa da magangarar, mun zaɓi motar dare daga babbar tashar Tiete. Sama da kilomita 1,000 ne, kusan awa 16. Akwai ajin kujera da suke kira leito, wadda ke kwantawa kusan kamar gado, har da bargo. Wanda zai bi wannan hanya ya ƙara kuɗin ya saye ta, ya kuma riƙe rigar sanyi, don na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi.

Magangarar Iguacu tun ba ka gan ta ba kake jin ta. Motar gandun dajin ta sauke mu a bakin wata siririyar hanya da ke bin gefen kwari, kowace kwana ka sha sai wani sabon sashe ya bayyana. Kimanin magangara 275 ne a jere a kan iyakar Birazil da Ajantina. Mafi yawansu a ɓangaren Ajantina suke, shi ya sa daga ɓangaren Birazil aka fi ganinsu gaba ɗaya. A ƙarshen hanyar akwai gadar ƙarfe da ta shiga tsakiyar kogin, tana fuskantar wurin da suke kira Maƙogwaron Shaiɗan, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 80 ta gefe uku. A nan magana ba ta jiyuwa, sai nuni da hannu. Rigar ledar da muka saya a ƙofa ba ta hana komai ba, feshin ta ƙasa yake tasowa, ya jiƙa mu sharkaf. Wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe na ratsa labulen ruwan da gudu suna shigewa bayansa, a jikin dutsen suke sheƙa. Akwai kuma wasu dabbobi masu dogon hanci da jela mai zobe-zobe da ake kira kwati, sun saba da mutane har sun zama 'yan fashi. A gabanmu ɗaya ya zare ledar biskit daga jakar wani yaro ya haye da ita.

Garin Foz ɗin kansa ya ba ni mamaki. Yana da Larabawa da yawa, akasari 'yan asalin Labanon, da farin masallaci mai ƙubba da hasumiya biyu, Masallacin Umar bin Khaɗɗabi. A nan muka yi Juma'a, muka ci nama ba tare da tambaya ba. Madatsar ruwan Itaipu, wadda Birazil da Paragwai suka haɗa hannu suka gina, mai ƙarfin megawat 14,000, tana bayan gari, amma bayan abin da muka gani a magangara ba mu da sauran mamakin da za mu kai mata.

Rio kyakkyawa ce, babu musu. Mun hau jirgin ƙasa mai haƙori da ke ratsa dajin Tijuca zuwa ƙololuwar dutsen Corcovado, inda aka kammala mutum-mutumin nan na Yesu Almasihu mai tsayin mita 30 a 1931. Shawarata a nan ɗaya ce: kada a sayi tikiti sai an ɗaga kai an duba dutsen, don in gajimare ya rufe shi, fari fat kawai za ka biya ka gani. Ma'aikacin masaukinmu ya gargaɗe mu kada mu riƙa fito da waya a titi, muka kuwa ji maganarsa.

Salvador ce dalilin da ya sa na yarda aka soke Amazon. Awa biyu ne a jirgi daga Rio. Ita ce hedikwatar ƙasar ta farko, daga 1549 zuwa 1763, kuma an gina ta hawa biyu, garin sama a kan tudu da garin ƙasa a bakin tashar jiragen ruwa. Wani lif da aka buɗe a 1873, mai tsayin mita 72, shi ke haɗa su. Tun daga filin jirgi fuskokin mutane suka canza. Birazil ce ta karɓi kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirkan da aka tsallakar da su teku a matsayin bayi, sama da mutum miliyan huɗu, ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar da ta haramta bauta, a 1888.

A wani dandali a tsohon gari muka tarar da wata dattijuwa cikin fararen kaya, da ɗaurin kallabi da tulin duwatsun wuya, tana zaune gaban kaskon manja. Ta ɗebo ƙullun wake da cokali biyu, ta mulmula, ta saki a mai. Maiɗakina ta tsaya cak ta ce, "Maigida, wallahi ƙosai ne." Acaraje suke ce masa. Ya fi girma, ana tsaga shi biyu a cusa masa wani kauri na gyaɗa da madarar kwakwa, da busasshen jatan lande da yaji.

Unguwar Pelourinho, mai gidaje kala-kala da titunan dutse, sunanta ya samo asali ne daga turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Yanzu masu kaɗa ganguna da masu sayar da zane ne suka cika ta. Ni kuwa abin da nake nema wani gangare ne da ake kira Ladeira da Praca. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an sayar da kamammu da yawa zuwa gaɓar teku, aka kawo Hausawa da Yarabawa da Nufawa da Barebari nan jihar Bahia, inda Salvador take. Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, wanda asirinsa ya tonu tun bai fara ba, su ne kuma a gaba a na 1814, da ya tashi daga wuraren kamun kifi na Itapua.

Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi, wanda ake kira tawayen Male, sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a can. Akasarinsu Yarabawa Musulmi ne, tare da Hausawa, cikinsu har da wani 'yantaccen malami Bahaushe mai sayar da taba, Elesbao do Carmo, da aka fi sani da Dandara. Labari ya riga ya kai kunnen hukuma, sai 'yan sanda suka dira gidan Manoel Calafate a wannan gangare cikin dare, mutanen da ke ciki suka fito da takubba tun lokacin da aka tsara bai yi ba. Kimanin mutum 600 ne suka bazu a tituna cikin fararen riguna, da layu a wuya. Kafin rana ta fito sojojin doki sun murƙushe su a Agua de Meninos, aka kashe kusan 70. Daga baya aka harbe huɗu, aka yi wa da yawa bulala, aka kori wasu zuwa Afirka. Takardun da aka samu a jikinsu, ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i da rubutun Larabci, suna ajiye har yau a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahia.

Gangaren yanzu titi ne kamar kowane, motoci na sauka, shaguna a gefe. Mun bi shi a ƙafa har ƙasa, muka tari mota zuwa Agua de Meninos, inda a yau kasuwar kifi take, kusa da babbar kasuwar Sao Joaquim. A can maiɗakina ta ɓata sauran yammacin tana taya kuɓewa da busasshen barkono da yatsu, ita da mai kayan babu mai jin yaren wani, har dai aka daidaita a kan reais biyar.