Gwangwanin Goggo da Hijabai 40

Bayan rasuwar Goggo, 'ya'yanta suka ce in ɗauki keken ɗinkinta, tunda duk dangin ni kaɗai ce ke taka keke. Baƙin Singer ne na ƙafa, zanen ruwan zinaren jikinsa ya goge a daidai inda hannunta ya saba dafawa. A aljihun teburin akwai wani ɗan baƙin gwangwani cike da ƙarafa masu siffa iri-iri, wani kamar katantanwa, wani kamar mazurari, wani kuma da ƙyar ma za ka gane gabansa da bayansa. Na ɗauka tarkacen gyara ne. Shekara 6 gwangwanin nan yana wurina, har maɓallai da tsofaffin zif nake zubawa a kansu.

Abin da ya sa na san amfaninsu shi ne wani aiki da ya kusa kunyata ni. Shugabar wata islamiyya a unguwarmu ta kawo mini ɗinkin hijabai 40 na ɗalibai, shuɗi, a bi gindin kowane da farin bayas, wato siririn ƙyallen da ake rufe bakin tufa da shi, kuma mako 2 ya rage a yi walimar sauka. Na karɓa da murna ban yi lissafi ba. Sai da na auna na ga gindin kowane hijabi ya kai yadi 2 da rabi, wato yadi 100 ke nan na bayas. Yadda kuma aka koya mini sa shi, sai ka ɗinka shi ta fuska ɗaya, ka juya, ka ninke, ka danne da dutsen guga, sannan ka sake bi. Tafiyar yadi 200 ke nan a ƙafa, ban da hura gawayi, don wuta ba a maganarta a lokacin. Kwana 3 ina fama, guda 7 na gama, kuma ko su ɗin idan ka juya bayansu za ka ga inda allura ta kauce.

A rana ta 4 zaren ƙasa ya fara cukurkuɗewa, na aika aka kira mini wani dattijo mai gyaran keke da ke zagaya unguwanni da jakar kayan aikinsa. Yana neman ƙaramin sukundireba ya jawo aljihun, ya ci karo da gwangwanin. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi tulin hijaban da ke kan tabarma.

"'Yar nan, kina da wannan a gida kike kashe bayanki?"

Na ce, "Baba, ai na ɗauka kayan gyara ne."

"Wane irin gyara? Wannan bainda ce, aikinta ke nan sa bayas. Wannan kuma ta kalmasa ce. Mai keken nan ta san abin da ta ajiye."

Ya goge mai kama da mazurarin da tsumma da ɗan kananzir, ya nuna mini rubutun da aka buga a jikinta, Simanco, ya ce taƙaitaccen sunan kamfanin Singer ne, duk ƙarfen da ke ɗauke da shi na asali ne. Keken kansa, in ji shi, ƙirar masana'antarsu ce ta Clydebank a Sukotlan, wadda aka rufe tun 1980. Ya kwance takalmin keken, wato ƙarfen da ke danne ƙyalle a ƙarƙashin allura, ya ɗaura baindar a gurbinsa da kusa ɗaya, ya yanko ɗan ƙyalle ya fiƙe bakinsa kamar tsinin mashi, ya zura. Ƙyallen ya shiga a shimfiɗe ta baki mai faɗi, ya fito gaban allura gefensa biyu a lanƙwashe ciki, shi kuma a ninke biyu. A tsakiyar mazurarin akwai tsaga, nan ake cusa bakin tufar. Ya taka sau ɗaya, layi guda ya kama sama da ƙasa. Ya karɓi kuɗin gyaransa ya tafi, ni kuwa na ce kakata ta yanke saƙa.

Ashe da sauran rina a kaba.

Kuskurena na farko rowa ce ta jawo shi. Farin yadin da na sayo a Kantin Kwari na ga idan na yanka shi a karkace kusurwoyi za su tafi a banza, sai na tsaga shi a miƙe, bin tsawon yadin. A kan ɗan gwajin da na yi mai miƙaƙƙen baki ya zauna lafiya lau. Da na kai shi gindin hijabi, wanda zagaye ne, sai ya riƙa tattarewa yana yin ƙananan kunnuwa, hijabin ya ƙi sauka, gindinsa ya kumbura kamar bakin kwando. Dalilin a fili yake, ni ce ban tsaya na yi tunani ba. Yadi saƙa ce ta zaren tsaye da zaren kwance, kuma ta kowane ɗayansu ka ja shi ba ya biyo ka. Ta tsakaninsu ne kawai, a karkace, yake da ja. A kan zagaye kuwa gefen waje na bayas ya fi na ciki nisan tafiya, dole ɗaya ya miƙe ɗaya ya tsuke, abin da ƙyallen da aka tsaga a miƙe ba zai taɓa yi ba. Hijabi 3 na farke a daren nan. Wanda ya taɓa farke farin zare a kan farin ƙyalle da hasken tocila ya san abin da nake nufi.

Washegari na ɗauko kusurwar yadin na kwantar da bakin da aka yanka a kan gefen kamfani, wato gefen yadin da ke zuwa a saƙe, layin ninkin ya ba ni digiri 45 cif. Asarar da nake tsoro ma ba ta taka kara ta karya ba: yadi 1 mai faɗin inci 45 ya ba ni bayas sama da yadi 40. Sai dai na sake faɗawa wani ramin, domin da ido na yi yankan, kamar yadda na saba. Hannu yana yafe wa irin wannan yanka, inda ya yi faɗi ka ƙara tura shi ciki, inda ya tsuke ka lallaɓa. Ƙarfe bai san wannan ba. Inda ƙyallen ya yi faɗi sai ya cushe a mazurarin ya yi tudu, inda ya yi siriri sai gefen ƙasa ya zame, ka juya ka tarar da ɗanyen baki a waje, zare na zubowa. Abin haushin shi ne ta sama ba ka ganin komai, ɗinki tsaf, sai ka gama yadi guda kafin ka san ƙasa ta ɓaci.

Irin wannan baindar ta tsofaffin Singer faɗin da take so shi ne inci 1 ba ɗan kaɗan, kashi 15 cikin 16 na inci, kusan milimita 24. Na yanki kwalin sabulu daidai wannan faɗin, na riƙa ja da alli layi bayan layi kafin almakashi ya taɓa yadin. Rabin yini ya tafi a zane da yanka kawai, ina ta ƙunƙuni cewa lokacin da ƙarfen ya rage mini ga shi yana karɓewa ta wata ƙofa. Gaskiya ne ya karɓi wani abu, amma abin da ya bari ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Sai mahaɗa. Tsiri ɗaya ba ya zagaye hijabi, dole a haɗa. Da na haɗa su kai da kai a miƙe, duk kaurin ya taru wuri ɗaya, ya zo bakin mazurarin ya tsaya cak, haƙoran keken da ke jan ƙyalle suna ta cin wuri guda. Maganinsa a ɗora tsiri biyu su yi kusurwa, a ɗinka a karkace, a rage bakin ya zama ɗan siriri, a buɗe shi da guga. Haka kaurin yake rarrabuwa ya wuce kaɗan-kaɗan. Na haɗa duka na naɗe a jikin kwali, na ɗan fesa musu sitaci tun kafin yanka don su yi jiki, na rataye naɗin a dama da keken yadda zai warware da kansa ba tare da ya murɗe ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a hannuna shi ne riƙon tufar. Bayas ɗin ba ruwanka da shi, mazurari na kula da shi. Aikinka bakin hijabin ya kasance ya shige tsagar har ƙarshe, a daidai wurin da allura ke sauka, ba can baya ba. Ka yi sakaci ya zame, bainda ba za ta gaya maka ba, za ta ci gaba da ɗinke bayas ɗinta a kan iska. Ka kuma ja shi da ƙarfi don kada ya zame, bakin ya miƙe, idan ka gama ya riƙa yin igiyar ruwa kamar ganyen latas. Turawa ake yi a hankali da yatsun hagu, ana ciyar da shi, haƙori ne mai ja. Akwai kuma 'yar kusa da ke matsar da mazurarin hagu ko dama. A kan zagaye nakan matsar da shi yadda ɗinkin zai ɗan ƙara shiga ciki, don idan ya yi gab da baki, ta sama zai kama, ta ƙasa ya kuskure. Allura lamba 14 na sa, taku 12 a inci.

Hijabai 33 da suka rage kwana 5 suka ci, har da na yanka. Malama ta juya bayan ɗaya ta duba, ba ta ce komai ba, ta ƙirga kuɗina. A wurinta wannan yabo ne.

Daga nan na bi sauran ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Ta kalmasa ita ce na fi amfani da ita yanzu, musamman a bakin mayafi da gyale marasa nauyi. Wani ɗan murɗaɗɗen harshe ne a cikin takalmin, yana naɗe bakin ƙyalle sau biyu ya ba da kalmasa siririya, wajen milimita 3, wadda yatsa ba zai iya riƙewa a kan yadi mai santsi ba. Wahalarta a farawa take. Nakan ninke wajen inci 1 da hannu, in sa allura ta yi taku 3 ko 4, in bar ta a ciki, in ɗaga takalmin in shigar da bakin cikin harshen, sannan in riƙe jelar zaren biyu ta baya in ɗan ja har haƙori ya kama. Idan ka ba ta ƙyalle da yawa sai ya yi ninki uku ya toshe, idan ka ba ta kaɗan sai ta naɗe sau ɗaya gashin ya leƙo. Kuma ba ta son tsallake mahaɗar ɗinki mai kauri. Nan kam tsayawa nake yi in fitar da ƙyallen, in wuce wurin da ninkin hannu, in mayar.

Da wannan takalmin dai Baba ya koya mini, a wani zuwan, irin haɗin da ake gani a gefen wandon jins da rigunan maza na kanti, wanda ba ɗanyen baki ko ta ciki. Ana ɗora ƙyalle biyu, na ƙasa ya ɗan leƙo fiye da na sama kamar milimita 3, a bi da su ta cikin takalmin, na ƙasan ya naɗo ya rufe bakin na sama. Sai a buɗe su a shimfiɗe, a sake bi, tudun ya kwanta a danne shi da layi na biyu. Tun da na iya shi na daina aika kaftanin yara wurin masu wibin, kuma a wanki ya fi wibin ɗin ƙarko. Amma fa a miƙaƙƙen haɗi yake da daɗi, gefen riga ko na wando. A hammata na gwada sau biyu na haƙura.

Ƙanwata tana da Butterfly, ƙirar Shanghai, na kai mata baindar ta hau daidai kamar don shi aka yi ta, saboda a kan tsarin Singer mai lamba 15 aka ƙera irin waɗannan kekunan. Da na samu hali na sayi Juki na lantarki irin na masana'anta kuwa, ko ɗaya daga kayan gwangwanin bai hau ba, sandar da ake ɗaura masa takalmi daban ce. Baindarsa ma ba a gurbin takalmi take zama ba, a kan farantin keken ake ɗaure ta da kusoshi 2 a gaban allura. Na shiga kasuwa na ce wa wani mai kayan keke ina son wadda za ta ba ni bayas mai faɗin milimita 10, ya miƙo mini wata ya ce ita ce. Na zo gida na tarar lambar da ke jikinta faɗin tsirin da ke shiga take nufi, abin da ke fitowa kuma bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba ko ɗan sama da haka, tunda ninki huɗu ake yi. Ya ƙi karɓa, wai na riga na ɗaura. Yanzu idan zan sayi irin wannan, da tsirin ƙyallena nake zuwa a jaka, in zura a gaban mai shagon in ga abin da ya fito. Gudun wannan keken kuma wani abu ne, ƙirarsa tana kai taku 5,500 a minti, ko kwatar haka ban taɓa yi da bayas ba. Kafin ka lura bakin ya zame ka yi rabin yadi.

Har yau akwai inda ba na sa bainda. Kusurwa mai tsini ba ta iya juyawa, don haka idan aikin ya ba da dama, kamar rigar girki ko mayafin jariri, nakan kifa murfin kofi in zagaye kusurwar da alli in yanke. Wuyan atamfa mai tsini a ƙirji kuwa, da wuyan da zagayensa ya matse sosai, da hannu nake sa musu bayas, bi biyu da guga, yadda Goggo ta koya mini tun ina tsayawa a gefenta ina zura mata zare.