Farfaɗiya ta lafa, ciki ya tashi

Mu masu shan maganin farfaɗiya a Maraɗi mun san juna, ko da ba ma gaisawa a kasuwa. Layin asibiti ɗaya muke bi, farmasi ɗaya muke zagayawa ranar da ƙwaya ta yi wuya. In ka saurari hirarmu, ba faɗuwa muka fi tattaunawa ba. Ciki ne. Wannan na kukan tashin zuciya, wancan zawo, wata ta ce tun da aka sauya mata magani ko ƙamshin miya ba ta son ji. Duk wanda na sani ya ajiye ƙwaya don kansa, in ba rashin kuɗi ne ya sa shi ba, to cikinsa ne ya kore shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Gaskiya ne, amma lissafin na waɗanda suka jure suka ci gaba da haɗiya ne.

Ni tela ne a unguwar Mokoyo. Ina saurayi ciwon ya same ni. Bayan rubutu da hayaƙi da duk abin da iyaye kan gwada, aka kai ni asibiti aka ɗora ni kan Gardénal, wato fenobabital, tsohon maganin da aka fara ba masu farfaɗiya a Jamus tun 1912. Yana da araha, sau ɗaya ake sha da dare, kuma bai taɓa taɓa min ciki ba. Aibinsa barci. Tela mai gyangyaɗi a kan keke yatsansa yake ɗinkawa, ga shi faɗuwar ba ta yanke gaba ɗaya ba. Shi ya sa likita ya ce zai mayar da ni kan Dépakine, wato balfurowat, ya riƙa janye Gardénal sannu a hankali, don shi ba a yanke shi rana ɗaya. Ya gargaɗe ni cewa muddin ina haɗa su biyun barcin zai ƙaru, saboda Dépakine na hana jiki saurin fitar da Gardénal. Na yi shirin barci. Na ciki ne ya zo min ba sallama.

Takarda ta ce safe da dare. Safiyata kuwa ita ce bayan sallar asuba: in haɗiye ƙwaya da shayi, in buɗe shago, abinci sai hantsi in yarinya mai ƙosai ta biyo. Kafin rana ta ɗaga yawu ya cika min baki, zuciya na tashi, ƙwannafi na hawa har maƙogwaro. Wata rana in yi amai, wata rana ya tsaya a wuya, wanda ya fi aman wahala. Ƙaurin yadi ƙarƙashin dutsen guga, abin da na saba da shi tun ina yaron shago, ya koma fitar da ni waje. Ga zawo jefi-jefi.

A gida kowa da fassararsa. Inna ta ce, “Bar shi ya fita, ɗan nan. Ciwon ne ke fitowa.” Ba laifinta ba ne. Haka muka taso: in aka ba ka jiƙo ko sassaƙe ka yi amai da gudawa, sai a ce magani ya yi aiki, ya wanke dattin ciki. Kawu kuma ya ce, “Jininku ne bai haɗu ba. Ka ajiye shi ka koma na da.” Maganganun nan biyu kishiyoyin juna ne, kuma kowace na iya kai mutum kabari. Ta Kawu tana sa a yanke magani kwatsam, abin da ke jawo faɗuwa a jere ba farfaɗowa a tsakani. Ta Inna tana sa a zauna ana kallon aman da ya kamata a ruga asibiti da shi.

Na koma wurin likita kafin ranar da ya sa min. Na zaci zai sauya magani. Sai ya ce, “Malam, ƙarfe nawa kake shan na safe, kuma me ke cikinka a lokacin?” Na ce, “Shayi, likita.” Ya yi dariya ya ce shayi ba abinci ba ne. Ya bayyana min cewa sinadarin Dépakine ɗan gidan asid ne, yana iya gugar bangon ciki, kuma tashin zuciya na cikin illolin da takardar cikin kwali ta ce suna samun fiye da mutum 1 cikin 10, galibi a farkon sha. Da yawanmu ba ma karanta takardar nan, da Faransanci take kuma rubutun kamar ƙafar tururuwa. Maganin kansa ma daga Faransa ya fito. A birnin Giranobul aka gano yana tsayar da farfaɗiya, bisa tsautsayi, lokacin da ake narka wasu sinadarai a cikinsa don gwaji, aka fara sayar da shi a 1967.

Abu uku ya gyara. Ya rage awon ya ce za mu sake hawa a hankali. Ya mayar da ni kan samfurin Chrono, mai sakin magani kaɗan-kaɗan a cikin yini maimakon ya zube gaba ɗaya. Ya kuma ce in sha a tsakiyar cin abinci. Na ukun ya fi sauƙin faɗa, amma shi ya fi canja min rayuwa, don dole na sauya tsarin safiyata.

Sai da na gwada abinci iri-iri kafin na gane wanda cikina ke so. Koko zalla bai riƙe ba, ruwa ne, yana wucewa ya bar ƙwaya ita kaɗai. Ƙosai da fanke sun riƙe, amma mai ya tayar min da ƙwannafi. Fura mai tsami da sassafe ta fi kowanne muni. Abin da ya zauna shi ne ɗumamen tuwon hatsi da miyar kuka marar yaji sosai, ko kunu mai kauri da burodi. Loma kaɗan, sai ƙwaya da ruwa cikin moɗa, sai in ƙarasa ci. Mai ɗakina ta koma rage tuwon dare saboda ni. Shayi na mayar da shi bayan hantsi, na kuma bar kofin farko mai ɗaci na majalisa, wanda abokai har yau suke min tsiya a kai. Wannan cikina ne, ba dokar likita ba. Na san wanda fura ce kaɗai ke zaunar masa da ƙwaya. Cikin ƴan makonni tashin zuciyar ya lafa, da aka ƙara awo ya leƙo ya koma.

Akwai batun siffar ƙwayar, wanda mutane ke ɗauka ƙaramin abu. Dépakine ta gama-gari, mai miligiram 200 ko 500, tana da rufi da aka yi don kada ta narke a tumbi sai ta isa hanji. In aka fasa ta, ko aka daka aka dama a koko kamar yadda ake wa yara da tsofaffi, an zubar da kariyar ke nan. Chrono 500 tana da tsaga a tsakiya, ana iya raba ta biyu, amma ba a taunawa, ba a dakawa. Yaron da ba ya iya haɗiya akwai na ruwa dominsa. Sannan ƙwayar na jan danshi. In aka ɓare ta daga ledar kamfani aka zuba a ƙullin leda, damina ɗaya ta ishe ta lalacewa. Ni ba na sayen tsinta wurin masu tallan magani a tire, komai matsi, kuma ba na barin kwalin a shago inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40.

Masu tiren nan suna da wata illar. Kana ce musu amai kake yi za su miƙo maka Primpéran, alhali an hana mai farfaɗiya shi, domin yana iya tayar da ciwon. Tramol ma haka, ko mai lafiya yana kayarwa in ya zarce. Asfirin kuma ba ya jituwa da Dépakine, yana ƙara ƙarfinsa a jini, yana ƙara saurin zubar jini, ga shi shi ma cin tumbi yake. Na ciwon kai farasitamol nake sha, daidai awo.

Na tambayi likita abin da kowa ke tambaya: in na amayar da ƙwaya fa? Ƙa'idar da ya ba ni ita ce in aman ya zo cikin rabin awa da sha, in sake sha, in ya wuce haka in jira lokaci na gaba, kada in ninka. In kuwa amai ya hana awo biyu a jere zama, in zo asibiti, don a lokacin jini ya fara rasa magani. Kowa ya tambayi nasa likitan, magunguna sun bambanta. Ƙa'idar ta yi min rana a damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da rabin gari. Zazzaɓi da kansa yana kusanto da faɗuwa, ga amai yana fitar da ƙwaya. Duk wanda zai rubuta min maganin zazzaɓi sai na ajiye masa kwalin Dépakine a gabansa. Masu shan Gardénal da Tégrétol, wani maganin farfaɗiyar, sun fi ni buƙatar yin haka, domin nasu na sa hanta saurin ƙone wasu magunguna, har da Coartem na zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin tsarin iyali.

Yanzu ga aman da ba a jira da shi. Dépakine na iya taɓa hanta, ba kasafai ba, amma in ta taɓa da gaske take. Haɗarin ya fi yawa a watanni 6 na farko, ya kuma fi tsanani ga yara ƴan ƙasa da shekara 3, musamman masu shan magani fiye da ɗaya. Tana kuma iya kumbura fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Tashin zuciyar da na yi fama da shi yana da lokaci: ya zo bayan ƙwaya, ya tafi kafin azahar, in ci abincin rana lafiya. Na haɗari ba ya bin agogo. Amai ne a kai a kai, da kasala mai kwantarwa, da ƙin abinci ɗungurungum, da barcin da ya wuce kima, ko ciwo mai tsanani a saman ciki da ke sokawa har baya, ko ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko faɗuwar da ta lafa ta dawo ba dalili. A garinmu ana ganin ido ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a tafi neman sassaƙe. Ga mai shan wannan magani, ranar ce ranar asibiti da awon jini. An auna min hanta kafin in fara, aka kuma maimaita a watannin farko. Kuɗin awon ya yi min nauyi, amma ban ga hanyar kauce masa ba.

Sauran magungunan a bakin abokan layi na san su. Tégrétol na kawo jiri da tashin zuciya da ganin abu biyu-biyu in aka fara da awo mai yawa, shi ya sa ake farawa da miligiram 100 ko 200. Ƙuraje a jiki tare da zazzaɓi ko gyambon baki a makonnin farko, wannan ma na gaggawa ne. Fenitoyin na kumbura dasashi, maganinsa asuwaki da buroshi ba fashi. Wata baiwar Allah da ake ba Epitomax ta rame har dangin miji suka fara ƙananan maganganu, ashe maganin ne ke kashe sha'awar abinci, ta ce ko lemon kwalba ya daina yi mata daɗi. Mata masu shekarun haihuwa kuwa, maganarsu da Dépakine ta wuce ta tashin zuciya: kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi renon cikinsa a kan maganin yana zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma suna samun jinkirin magana ko fahimta. Tun kafin aure ya kamata a yi wannan zance da likita, kuma wadda ta riga ta samu ciki kada ta yanke da kanta, ta je a duba.

Azumi sai da na daɗe ban faɗi ba likita ya yarje min. Shekarar farko ya hana, malaminmu kuma ya ce marar lafiya na da rangwame a Alƙur'ani. Yanzu awo ɗaya da sahur, ɗaya da dare. Ba na haɗiya da dabino da ruwan sanyi a buɗa-baki, lokacin ciki fayau yake. Sai an yi magariba na zauna ga abinci mai nauyi. Rashin barci ya fi yunwa haɗari gare mu, ga shi watan ne teloli ke kwana a shago kan ɗinkin salla. Na rage karɓar aiki, na yi asarar wasu masu kawo ɗinki.

Abin da ban gama da shi ba shi ne ƙiba. Maganin da ya hana ni ci da farko shi ne ya buɗe min ciki daga baya, yunwa ba dare ba rana. Tela ba ya buƙatar sikeli, awon ƙugun wandona ya gaya min. Hannu kuma yana ɗan rawa in zan zura zare a allura. Na rage sukari da taliyar dare, ina zuwa shago a ƙasa maimakon kabu-kabu. Likita ya ce in nauyin ya ci gaba da hawa za mu duba Keppra, wanda bai cika damun ciki ko hanta ba, sai dai ya fi tsada, ba kullum ake samunsa a gari ba, kuma yana sa wasu saurin fushi. Mai ɗakina ta ce ta fi son mai ƙiba da mai faɗa. Mun bar maganar sai an ga awon jini na gaba.