Kafin a Sa Tubali, Mu Ne Muke Fara Taka Fili

Duk mai shirin gina rukunin gidaje a Lugbe ko Kubwa, tambayar da yake fara yi mini ita ce: "Injiniya, mita nawa za a haƙa a sami ruwa?" Ni kuwa ba na amsawa sai na auna filin, domin Abuja a kan tsohon dutse take zaune, kuma ruwa ba ya samun mazauni sai a ruɓaɓɓen sashensa na sama ko a tsagewar da ke can ƙasa. Shi ya sa wani zai sami ruwa a mita 40, maƙwabcinsa ya haura mita 100 ya tashi da ƙura.

Turakun ƙarfe huɗu muke kafawa a layi ɗaya, biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna. Gwargwadon yadda muke nisanta na gefen, haka lantarkin yake ƙara nutsewa. Busasshen dutse yana turje masa, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ba shi hanya. Amma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo, domin yumɓu ma yana ba lantarki hanya, alhali ba ya sakin ruwa.

Wannan darasi a Bukuru na koye shi, kusa da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ranar da na ga lambobin awon turjiya sun yi ƙasa na yi ta murna, na ɗauka ruwa ne, sai maigidana, Allah ya jiƙansa, ya jira har injin haƙa ya fara aman ƙasa, ya dumbuzo ta ya sa mini a tafi. Na murza, ta manne mini kamar ƙullu, ashe yumɓu ne. Har gobe, duk 'yan mitoci sai na ɗebi ƙasar da injin ya fito da ita, na jera ta, na murza da yatsuna.

Ga sabon rukunin gidaje, zurfin burtsatse rabin aiki ne. Akwai ruwan da ke kwance kusa da doron ƙasa, wanda yake tasowa da damina ya jiƙa fandisho, ya cika sokawe, bango ya riƙa zubar da fenti. Saboda haka sau biyu nake son aunawa: a watan Maris lokacin da ruwa ya ja baya matuƙa, da kuma Satumba lokacin da ƙasa ta ƙoshi.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwafar rahoton wani fili su canza suna, su karya farashi. Bara wani mai gini ya ƙi kuɗina ya tafi wajensu. Bayan ramuka biyu sun fito a bushe ya dawo. Kwana biyu muka yi muna jan waya a cikin ciyawa, muka gano tsagewar a kusurwar da ya ware domin ɗakin maigadi, dole aka sake zanen ƙofar shiga.