Tunawa da Dakta Lambo na Aro

Duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali a gida ya san ba ciwon kaɗai ke cin mutum ba, akwai kunya, akwai ɓoye-ɓoye, ga maƙwabta da za su fara janye yaransu daga ƙofar gidanku kamar abin ana ɗauka ne. Mu ƙanina ne ya kamu, mun sha fama, yanzu dai alhamdulillahi yana kan magani yana sana'arsa. A cikin wannan zirga-zirgar asibitin ne wani dattijon nas da ya yi karatunsa a Abeokuta ya fara ba ni labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo. Ban taɓa ganinsa ba, ya rasu tun ranar 13 ga Maris 2004 yana da shekara 80, amma wallahi duk lokacin da na tuna abin da mutumin nan ya yi sai in ji kamar wani babana na rasa.

Bayarabe ne, an haife shi a Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Birmingham ta Ingila, daga baya ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewar. Ya dawo gida a 1954. A lokacin abin da Turawan mulkin mallaka suka tanadar wa masu wannan lalura bai wuce gidan mahaukata irin na Yaba da Kalaba ba, sai kuma kurkuku, a kulle mutum kawai don kar ya dami gari, maganar ya warke ya koma cikin iyalinsa ma ba ta cika tasowa ba.

To ga abin da ya sa nake ƙaunarsa. Da aka ba shi asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta ba a ma gama ginin ba, maimakon ya naɗe hannu yana jiran gado da katanga sai ya je ya zauna da masu ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya haya a cikin gidajensu, kuma sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa ko goggo, ita za ta dafa masa abincin da ya saba, ta yi masa wanki, ta raka shi wajen likita da safe a ba shi magani su dawo masauki. Mutum yana jin kukan zakara, yana ganin yara suna wasa, yana shiga kasuwa, in ya fara samun sauƙi har gona yana iya leƙawa. Su kuma mutanen ƙauyen suna karɓar kuɗin haya, an kai musu ruwan famfo, an gyara musu tsaftar gari, kowa ya amfana.

Wanda bai yi jinya ba ba zai gane girman wannan ba. Ranar da aka fara kwantar da ƙanina abin da ya fi tayar masa da hankali ba allurar ba ce, ganin Mama za ta juya ta tafi ne, ya riƙe mata mayafi yana cewa Mama dan Allah kar ki bar ni a nan, ita ma tana kuka, ni ma na kasa tsayawa. Lambo ya hango wannan tun kakanninmu na da ƙuruciya, ya gane cewa raba mara lafiya da nasa wani ciwon ne a kan ciwo, kuma uwar da ta zauna ta ga yadda ake shan maganin ita ce gobe za ta lura in jikin ya fara canzawa.

Sai kuma abu na biyu wanda har wasu abokan aikinsa ba su so ba, ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Ba wai ya ajiye ilimin asibiti ba ne, a'a, ya san dai cewa kafin mutum ya iso gabansa ya riga ya bi ta hannunsu, kuma da bakinsu iyalin suka yarda. Mu ma ai haka muke, kafin a ce asibiti an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, wannan ya ce aljanu ne wancan ya ce jifa ne, kuma na ga yadda tsohuwa ke shiru ta ƙi faɗin gaskiyar abin da aka ba yaro saboda tsoron likita ya yi mata tsawa. Likitan da ya saurare ta ba tare da ya wulaƙanta ta ba shi ne zai ji komai. Amma fa in faɗi gaskiya, sauraro daban, yarda da zalunci daban, gidajen mari da ake ɗaure bayin Allah da sarƙa ana duka da sunan magani ba su da wata alaƙa da abin da aka yi a Aro.

Daga baya ya ɗaukaka sosai, shi ya shirya taron likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka na farko a Abeokuta a 1961, ya shugabanci Jami'ar Ibadan, daga 1971 zuwa 1988 yana Hukumar Lafiya ta Duniya har ya kai mataimakin babban darakta. Abin da ke min ciwo shi ne dokar mahaukata ta 1958 ta zamanin Turawa ita muka ci gaba da amfani da ita har ya bar duniya, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bai ga wannan ranar ba.

Ku likitoci da nas-nas da ke asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri, na san kun yi kaɗan kuma layin kullum dogo ne, amma akwai waɗanda a cikinku duk da haka sai sun ɗago kai sun tambayi mai jinya, Hajiya ke kin ci abinci kuwa, kina samun barci? Muna gani, kuma muna sa ku a addu'a. Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.