Karen Kawu yana neman aikin yi

Asabar, Garwa, Kamaru.

Ban gama karin kumallo ba Kawu ya bugo waya, wai in zo in duba karensa, yana zaton ya haukace. Na ɗauki jakar allurai na hau mashin zuwa unguwar Rumde Ajiya gabana na faɗuwa, domin ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a.

Na tsaya daga nesa na ƙare masa kallo. Lafiyarsa ƙalau. Idonsa garau, ya sha ruwa a gabana, katin rigakafinsa ma bai ƙare ba. Abin da ya tsaya mini a rai ƙasar da ke kewaye da turkensa ce: ya yi ta zagaye iyakar tsawon sarƙar har ƙafafunsa sun haƙa kwari a wajen, gashin wuyansa ya goge, kwanon robarsa ya zama tsumma saboda tauna. Inna ta ce daren jiya ya kai ga tiyon ruwa ya yayyage shi, kuma maƙwabta sun fara ƙorafin haushi.

Kawu ya ce, "Ɗana, daga Yawunde aka kawo mini shi, kuɗi na zuba ba kaɗan ba. Nama yake ci, me kuma yake so?"

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, aiki yake so."

Irin karen da ake kira Malinuwa ne, daga garin Malin na ƙasar Beljiyam. Asalinsa karen kiwon tumaki ne, kuma tun 1891 masu kiwonsa a can suka kafa ƙungiya suna zaɓen waɗanda ba sa gajiya, masu naci, suna haɗa su su hayayyafa. Wannan nacin ne ya sa yau sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastan a ƙasashe da yawa suke sa shi shinshino bam da miyagun ƙwayoyi. Karen da aka gina jininsa a kan ya yini yana gudu yana sauraron umarnin makiyayi, shi ne aka ɗaure a kusurwar gida ba abin yi sai kallon katanga. Mutanenmu suna ganin bidiyonsa a waya yana tsallake bango sai sha'awa ta kama su, ba su ganin mutumin da ke bayan bidiyon, wanda kullum sai ya ba shi horo safe da yamma.

Don Kawu ya gani da idonsa, na sa ƙanena, ɗan autansa, ya samo gwangwanaye na madara. Muka kife su a tsakar gida, na ɓoye guntun kilishi a ƙarƙashin ɗaya, na sako karen da doguwar igiya. Da farko ya yi ta tsalle yana banke su duka. Can sai ya sa hanci a ƙasa, jelarsa ta tsaya cak, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan numfashi gajere-gajere, ya tsaya a kan na gaskiya ya ɗago kai ya dube ni. Na ba shi. Muka ƙara nisa, muka ɓoye a bayan turmi, muka ɓoye a cikin tsohon takalmi. Kafin rana ta take ya je inuwar dalbejiya ya kwanta da kansa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Inna ta ce rabon da ta ga ya kwanta da rana har ta manta. Aikin hanci yana cin ƙarfin kare sosai, kuma shi ne ya fi dacewa da mu, saboda ana yinsa a inuwa.

Zafi kuwa shi ne babbar matsalarmu a nan. A watan Maris da Afrilu Garwa tana wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Malinuwa ba ya sanin ya gaji. In kana jefa masa ƙwallo zai yi ta ɗaukowa har ya faɗi. Don haka na ce wa yaron gudu sai bayan sallar asuba ko dab da magariba, kuma ya riƙa ɗora bayan hannunsa a kan ƙasa tukuna, in shi bai iya jurewa ba tafin karen ma ba zai jure ba.

Bayan la'asar sakaliya muka kai shi bakin Binuwai. Ya shiga ruwa ya fito, ya yi gudu a kan yashi iya son ransa. Na hana shi kusantar inda masunta ke zubar da kayan cikin kifi. A Cadi tun wajen 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka, har ma a ɓangarenmu na bakin kogin Logon, kuma ana danganta abin da cin irin wannan ɗanyen kayan ciki. Da muka dawo na bi kunnuwansa da tsakanin yatsunsa na cire kaska.

Mun yi doguwar magana da Kawu a kan tabarma. Na tuna masa abin da ya fi ni sani, cewa addini ya yarda a ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona, kuma duka ukun aiki ne. Karnukan mafarautanmu da na Bororo ba su cin rabin abin da wannan ke ci, amma ban taɓa ganin ɗayansu yana tauna ƙafarsa don takaici ba. Ni a ganina gidan da ya dace da shi garkar Kawu ce ta hanyar Pitowa, inda babban ɗansa ke zaune da tumaki: fili a shinge, da mutum ɗaya da zai zama ubangidansa. Sai dai na ja kunne kada a sake shi cikin garke kai tsaye, domin karen da bai koyi tsayawa da dawowa in an kira shi ba, korar tumaki zai yi har ya ciji wata. A fara da igiya, a koya masa "zauna" da "zo" har su zauna masa.

Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana tunanin wa zai tsare masa gida. Ya dai yarda a cire sarƙar a kewaye masa wuri da waya a gindin bishiya, kuma auta ya ɗauki nauyin fitar da shi kowace asuba. Ranar Laraba zan koma da maganin kaska da na tsutsar ciki, daga nan mu wuce garkar mu duba shingen.