Daren sanyi a Jos, ina neman littattafai 14

Tun watan Disamba nake cewa zan rubuta wannan, sai yau Allah ya nufa. Masu zuwa shagona a wajen Taminus sun sha tarar da ni da wani littafin rubutu na 'yan makaranta a gefen kayan gyara, cike da lambobi da wasu zane-zane, har wani dattijo ya tambaye ni ko lissafin bashi ne. Taswirar wata duniya ce da nake shiga kullum bayan sallar isha'i, idan yara sun ci abinci, na ja bargo na rufe ƙafafuna saboda sanyin da ke saukowa Unguwar Rogo a irin wannan lokaci.

Ƙanena ne ya jawo. Ya yi shekara 5 yana karatun injiniya a ƙasar Sin, da ya dawo sai ya miƙo min wani filashi ya ce, "Yaya, kai da ka ƙare ƙuruciyarka a gidan kallon fim ɗin Chanis, ga ƙofar da za ka shiga cikinsu da ƙafarka." Wasan kwamfuta ne tsoho, sunansa Jin Yong Qun Xia Zhuan, wato labarin jaruman Jin Yong. A 1996 ya fito a Taiwan, wasu matasa da ake kira Heluo suka yi shi, kamfanin Soft-World ya fitar. Na zamanin DOS ne, tsohon tsarin da kwamfuta ke aiki da shi kafin Windows ya yaɗu, don haka sai da muka sa manhajar DOSBox kafin ya tashi a tsohuwar laftof ɗina. Duk girmansa bai kai wani gajeren bidiyo da ake turawa a WhatsApp ba. Hotunan ɗigo-ɗigo ne, mutanen ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Daren farko na ce a raina ba zan wuce awa guda ba.

Yanzu wata na uku ke nan.

Labarin yana farawa da wani saurayi ɗan zamani, mai son wasannin kwamfuta, da ya farka ya tsinci kansa a cikin duniyar littattafan Jin Yong. Ba shi da dangi, ba shi da malami, ba wanda ya san sunansa. Masu wasan a can suna ce masa ɗan jatan lande, saboda ƙanƙantarsa a cikin manyan kifaye. An gaya masa cewa idan yana son komawa gida sai ya tattara littattafai 14 da suka warwatsu a hannun jarumai da mugaye, daga dusar ƙanƙarar arewa har tsibiran kudu. Iyakar bayanin ke nan. Kana fita daga ɗakin sai ka ga ƙasa shimfiɗe, duwatsu da koguna da teku, babu kibiyar da ke nuna maka gabas ko yamma.

Jin Yong ɗin mutum ne na gaske. Sunansa Louis Cha, an haife shi a 1924, ya rasu a Hong Kong a 2018. Ɗan jarida ne, yana cikin waɗanda suka kafa jaridar Ming Pao a 1959, kuma a shafukan jaridu ya riƙa sakin labaransa kashi-kashi daga 1955 zuwa 1972, mutane suna jiran fitowar gobe kamar yadda iyayenmu mata ke jiran ci gaban littafi a rediyo. Abin da ya burge ni shi ne ya ɗauki harafin farko na sunan kowane littafi cikin 14 ɗin ya ƙulla baiti biyu na waƙa da su, harafi bakwai-bakwai. Da ƙanena ya bayyana min haka sai na tuna malaminmu na tajwidi da "yarmaluna", yadda ake cusa haruffa shida cikin kalma ɗaya don kada almajiri ya manta. Na rubuta baitukan a bangon littafina, ina soke harafi ɗaya duk lokacin da na samo littafinsa. Tara na soke zuwa yanzu.

Wahalar farko ita ce harshe. Komai da Sinanci yake, kuma da tsohon rubutu irin na Taiwan, wanda ya fi na babban yankin Sin yawan zane. Shi kansa ƙanena sauƙaƙen rubutun ya koya, wani harafin sai ya tsaya ya ƙura masa ido. Ni kuwa waya nake ɗagawa in haska allon, manhajar fassara ta ba ni abin da ta iya. Maganar yau da kullum tana fita daidai gwargwado. Amma da an zo sunayen dabarun faɗa sai ta rikice, ta kawo maganar da ba kai ba gindi. Irin waɗannan nake ɗaukar hotonsu in tura masa, da safe in tarar da saƙon murya: "Yaya, wannan ai tafuka 18 ne na murƙushe dodo, shi ne alfaharin ƙungiyar mabarata, kada ka yi wasa da mai shi." Ƙungiyar mabarata kuwa da gaske ake nufi, mabarata ne masu sanduna da shugabansu da darajojinsu, kuma suna cikin ƙungiyoyin da ake shakka a wannan duniya.

Ranar da wasan ya kama ni sosai ita ce ranar da na hau wani dutse na tarar da wani saurayi mai takobi zaune shi kaɗai, malaminsa ya kore shi can don ya yi nazarin laifinsa. Na haska sunan, waya ta ce Linghu Chong. Ban gane ba sai da ƙanena ya ce, "Ka tuna fim ɗin Jet Li na 1992, Swordsman II, wanda bos ɗin ke yaƙi da allura da zare? To shi ne aktan." Sai da tsigar jikina ta tashi. Na kalli fim ɗin nan a gidan kallo ina yaro, a kan benci, kaset ɗin ya sha jiki har hoton yana rawa, ba mu jin ko kalma ɗaya, mu dai mun san akta mun san bos. Muna fitowa mu kama tsalle daga kan katanga da karan dawa a hannu. Ban taɓa sanin cewa akwai littafi a bayansa ba, balle in san cewa mutumin yana da malami da ya ci amanarsa, da yarinyar da ya so ta auri wani. Shekara talatin ina ɗauke da fuskar mutum ban san labarinsa ba, sai ga shi a laftof ɗina yana jira in yi masa magana.

Sinawa suna kiran wannan duniya jianghu, ma'anarta koguna da tafkuna. Duniyar matafiya ce, waɗanda ba sa ƙarƙashin fada, suna da dokokinsu na alkawari da ramuwa da girmama malami. Da na daɗe a ciki sai na ga ba baƙuwa ba ce a wurina. Kakana ya yi tafiyar gabas neman karatu, yana ba mu labarin yadda ake cewa wane a gari kaza shi ne ya san littafi kaza, sai ka ɗaura tabarma da allo ka tafi, ka yi masa hidima, ya duba hankalinka, sannan ya buɗe maka ko ya hana. Haka wasan yake. Dabarun faɗa a rubuce suke cikin kundaye, kowane kundi yana hannun wani, kuma ko ka same shi ba lallai jikinka ya ɗauka ba. Wani yana buƙatar ƙarfin ciki mai zafi, wani mai sanyi. Akwai wata dabara ta yaƙi da hannu biyu, kowane hannu yana yin nasa daban, wadda mai kaifin basira ba ya iya koyonta sam, sai mai sauƙin kai wanda zuciyarsa ba ta da yawan lissafi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Akwai kuma wani kundi mai ba da ƙarfi na ban tsoro, amma sharaɗinsa mutum ya dandaƙe kansa kafin ya fara, kuma wasan yana tsayawa ya tambaye ka ko ka yarda. Na ce a'a, na bar kundin a jaka. Wanda ya tsara labarin ya san abin da son mulki ke sa mutum ya yanke daga jikinsa.

Faɗan kansa ba na saurin yatsa ba ne. Bi da bi ake yi a fili mai gida-gida kamar dara, ka matsar da mutanenka, ka zaɓi mai bugu da mai ba da magani da mai sa guba. Ku shida ne iyaka har da kai. Wannan ya yi min daidai, don ina iya ajiye shi in kurɓi shayi in yi tunani.

Sai maganar naushin. Yaron yana farawa da dabara ɗaya tak, wani naushi da ake kira Yeqiu Quan, mai rauni ƙwarai, ka bugi ɗan fashi da shi kamar ka shafa masa mai. Da na samu dabarar takobi sai na yi watsi da shi. Ƙanena ya ce, "Yaya, koma kan naushinka. Mataki 10 gare shi, kuma duk wahalar tana cikin taran farko." Kowace dabara da amfani take girma, sai ka yi ta bugu da ita a fagen fama. Na koma. Makonni ina shiga faɗa ina barin abokan tafiyata su raunana abokin gaba, ni kuma in zo da ɗan naushina in ƙarasa. Wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ya san hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan garkuwa ne kawai, kuma ɗan damben kirki shekaru yake yi a kan hannun nan guda. An ce idan naushin ya cika mataki na 10 yana shiga sahun mafi ƙarfi a wasan gaba ɗaya. Ina na 9.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Wasan ba ya rubuta maka abin da aka aike ka. Idan wani tsoho ya ce ka nemo masa abu ka manta, to ka manta ke nan. Wurare da yawa ba sa buɗuwa sai ka ji labarinsu a bakin wani, kuma na taɓa kwana huɗu ina zagaya gaɓar teku a jirgin ruwa ina neman tsibiri ɗaya. Akwai kamfas da ake samu a gidan wani dattijo mai suna Nan Xian, yana nuna lambobin inda kake tsaye, su ne nake kwafewa a littafina. Gurbin ajiye wasa uku ne kacal, kuma sau biyu ana ɗauke wuta batirin laftof ɗin ya mutu kafin in ajiye. Duk da haka ban so a ce an sauƙaƙa shi ba. Wasannin da yara ke kawo min a wayoyinsu suna jan mutum da hanci daga nan zuwa can, suna yi masa tafi a kan abin da bai wahala ba. Wannan kuwa sai ka tambaya, ka saurara, ka riƙe.

A gidan dattijon nan akwai madubi. Idan ka tsaya gabansa yana faɗa maka lambar halinka, wadda ke farawa daga 50, tana hawa ko sauka gwargwadon abin da ka aikata. Ban damu da shi ba da farko. Na saba da wasannin da duk akwatin da ka gani naka ne, don haka duk gidan da na shiga sai in buɗe in kwashe magani da kuɗi. Wani dare ɗana na fari, mai shekara 9, yana zaune a gefena cikin bargo, sai ya ce, "Abba, mai gidan yana tsaye fa. Ya ba ka ne?" Na ce masa wasa ne. Ya yi shiru, can ya ce, "To me ya sa shi bai ɗauki naka ba?"

Washegari na tafi gidan dattijon na duba madubi. Lambar ta sauka ƙasa da inda na fara. Ba wanda ya kama ni a cikin wasan, ba wanda ya yi min faɗa, ashe ana rubutawa. Kuma tana da tasiri, domin wasu jaruman ba sa yarda su bi mai ƙaramar lamba, wasu mugayen kuma sai ita suke so. Akwai wani gwanin wuƙa, Tian Boguang, da ake iya ɗauka tun da wuri, yana sauƙaƙa faɗan farko sosai, amma a labarin mai keta mutuncin mata ne, kuma tafiya da shi tana rage maka lamba. Abin da na fi girmamawa a wasan shi ne bai rufe wannan hanya ba. Mugunta tana biya a cikinsa, tana ba da makami da abokai da saurin ci gaba, kuma ana iya kai ƙarshe da ita. Ƙanena ya ce bambancin yana jiranka a faɗan ƙarshe: mai kyakkyawan hali zai fuskanci manyan mugaye goma, mai mummunan hali kuma sai ya ɗaga hannu a kan mutanen kirki goma, waɗanda ya yi ta jin labarin nagartarsu tun farkon tafiya.

Na koma wani tsohon gurbi da na ajiye kafin in fara kwasar akwatuna. Aikin sati biyu ya tafi, har da littafi ɗaya da na riga na soke harafinsa, sai da na sake rubuta shi da jan biro. Wani abokina mai sayar da caja a layinmu ya ce wannan ɓata lokaci ne, hoto ne kawai a allo. Na fahimce shi. Amma yaron yana kallo, kuma ni ma ina son in isa faɗan ƙarshen ina fuskantar waɗanda suka cancanci naushin da na sha wahalar raino.

Yanzu shi ke riƙe littafin lambobin. Ina tuƙi, yana karanto min inda za mu, kuma ya fara gane wasu haruffan da kansa, na dutse da na ruwa da na mutum, yana nuna su da yatsa kafin waya ta fassara. Jiya mun isa wani kwari muka tarar da wata doguwar magana, shafi bayan shafi, wadda manhajar ta kasa warwarewa, ga shi a ƙarshenta ana tambayar e ko a'a. Ban amsa ba. Na ɗauki hotuna 11 na tura wa ƙanena, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai zo gida ya karanta mana da bakinsa, in maman yara za ta yi masa gwate.